Niyyar aikata laifi a shari'ar ma'aikatan gwamnati

Niyyar aikata laifi ita ce halin da zuciyar mutum take ciki a lokacin da ya yi abin da doka ta hana: ko da gangan ya yi, ko ya san abin da yake yi, ko kuwa ya yi ko-oho da abin da zai biyo baya. Lauyoyi suna kiran wannan rukuni da kalmar Latin mens rea, aikin da aka gani a zahiri kuma suna kiransa actus reus. A mafi yawan manyan laifuffuka, kotu ba ta hukunta mutum sai rukunan biyu sun haɗu.

A shari'ar ma'aikatan gwamnati da masu riƙe da muƙaman siyasa, niyya ce ke raba kuskuren aiki da cin amana. Sa hannu a takardar biyan kuɗi, ba da kwangila, sauya wa kuɗi gurbi da karɓar kyauta abubuwa ne da ake yi kullum a ofisoshi. Aiki iri ɗaya yana iya zama halal, ko sakaci da za a hukunta a cikin ofis, ko laifin da ke kai mutum gidan yari, gwargwadon abin da mai yin sa ya sani da abin da ya nufa. Shi ya sa shari'o'in cin hanci da yawa a Najeriya suke tsayuwa ko su rushe a kan wannan batu.

Asali a dokokin Najeriya

Jihohin Arewa da Abuja suna aiki da kundin Final Kod, wanda majalisar Jihar Arewa ta zartar a 1959, ya fara aiki ranar 30 ga Satumba, 1960. An tsara shi ne a kan kundin Sudan, shi kuma na Sudan ya samo asali daga kundin Indiya na 1860. Jihohin Kudu suna aiki da kundin Kiriminal Kod. Wasu jihohin Arewa sun sabunta nasu kundin, kamar Kaduna a 2017, don haka lambobin sassan sukan bambanta daga jiha zuwa jiha. Lambobin da aka kawo a nan na kundin asali ne.

Final Kod bai bar batun niyya a dunƙule ba. Kusan kowane laifi yana ɗauke da kalmar da ke nuna halin zuciyar da ake nema, kuma farkon kundin ya fassara kalmomin. Sashe na 16 ya bayyana rashin gaskiya da cewa mutum ya yi abu da nufin samar wa kansa ko wani riba ta haram, ko jawo wa wani asara ba bisa haƙƙi ba. Sashe na 17 ya bayyana zamba da cewa a yi abu da nufin yaudara, don a sami wani amfani ko a cutar da wani ta hanyar yaudarar. Sashe na 37 kuma ya ce ba a kiran abu an yi shi da kyakkyawar niyya idan an yi shi ba tare da kulawa da lura da suka kamata ba. Wato cewar ma'aikaci "ban nufi sharri ba" ba ta isa, sai ya nuna ya duba abin da ya kamata ya duba.

Bayan dawowar mulkin farar hula aka ƙara dokokin tarayya. Dokar hukumar ICPC ta fito a shekarar 2000, kuma a 2002 Kotun Ƙoli ta tabbatar, a ƙarar da Jihar Ondo ta shigar, cewa dokar tana aiki a dukkan jihohi. Dokar hukumar EFCC da ake aiki da ita ta 2004 ce. Akwai kuma Ƙa'idojin Ɗa'ar Ma'aikata da ke cikin Jadawali na Biyar na Kundin Tsarin Mulki na 1999.

Matakan niyya

Masana shari'a suna kasa halin zuciya mataki-mataki, daga mafi nauyi zuwa mafi sauƙi.

Na farko shi ne ganganci, inda mutum yake son sakamakon kuma ya yi aiki don ya same shi, kamar ma'aikacin da ya ƙirƙiri sunayen bogi a jerin masu albashi don kuɗin su shiga aljihunsa.

Na biyu shi ne sani. Mutum bai ƙirƙiri ƙaryar ba, amma ya san ƙarya ce ya sa hannu. Rufe ido da gangan ma yana shiga nan: wanda ya ga alamu ƙarara ya ƙi tambaya don kada ya sani, kotu tana iya ɗaukarsa a matsayin wanda ya sani.

Na uku shi ne ko-oho, inda mutum ya ga yiwuwar aikinsa ya saɓa doka ko ya jawo asara, amma ya ci gaba.

Na huɗu shi ne sakaci, inda mutum bai ga haɗarin ba alhali mai hankali a matsayinsa zai gani. Sakaci kaɗai ba ya tabbatar da cin amana ko cin hanci. Yawanci ana magance shi ta hanyar dokokin aikin gwamnati: takardar neman ba'asi, cire asarar daga albashi, rage matsayi ko kora.

Dole a bambanta niyya da dalili. Niyya ita ce abin da mutum ya ƙudurta yi, dalili kuwa shi ne abin da ya ingiza shi. Wanda ya ɗebi kuɗin gwamnati don ya biya kuɗin asibitin mahaifiyarsa ya yi niyyar ɗiba. Tausayin dalilinsa yana iya sa alƙali ya sassauta hukunci, amma ba ya wanke shi. Sashe na 24 na Kiriminal Kod ya faɗi haka a fili.

Manyan laifuffuka da niyyar da kowanne ke buƙata

Cin amana shi ne laifin da aka fi tuhumar manyan jami'ai da shi a Arewa. Sashe na 311 na Final Kod ya bayyana shi, sashe na 315 kuma ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 14 idan ma'aikacin gwamnati ne ya aikata. Mai gabatar da ƙara zai nuna cewa wanda ake tuhuma ma'aikacin gwamnati ne, an damƙa masa dukiya ko iko a kanta saboda muƙaminsa, ya karkatar da ita ko ya yi amfani da ita saɓanin doka, kuma ya yi hakan cikin rashin gaskiya. Idan rukuni na ƙarshe ya faɗi, tuhumar ta faɗi ko da kuɗin sun salwanta.

Karɓar rashawa yana cikin sashe na 115 na Final Kod da sashe na 8 na dokar ICPC. Abin da ake nema shi ne alaƙa tsakanin abin da aka karɓa da aikin ofis: ma'aikacin ya nema ko ya karɓa a matsayin lada ko toshiyar baki don ya yi wani abu, ko ya bar yin sa. Ba sharaɗi ba ne ya cika alkawarin da ya ɗauka.

Amfani da muƙami don fifita kai, ɗan'uwa ko abokin hulɗa yana cikin sashe na 19 na dokar ICPC, hukuncinsa ɗaurin shekara 5 ba zaɓin tara. Sashe na 123 na Final Kod kuma ya shafi ma'aikacin da ya saɓa umarnin doka yana sane, da nufin cutar da wani ko kuɓutar da wani daga hukunci.

Akwai laifuffukan da doka ba ta ambaci mugun nufi a cikinsu ba. Sashe na 22(5) na dokar ICPC ya hana ɗaukar kuɗin da aka ware wa wani aiki a kashe su a wani aikin dabam, da hukuncin ɗaurin shekara 1 ko tarar Naira 50,000. A nan ba a buƙatar nuna cewa jami'in ya ci ko kwabo.

Misali zai fayyace bambancin. A ƙaddara an ware kuɗi a wata ƙaramar hukuma don haƙa rijiyar burtsatse a gari irin Sukuntuni, shekara ta ƙare ba rijiya. Idan jami'in kuɗi ya tura kuɗin wani asusu bisa kuskuren lamba, ya gano, ya rubuta wa na gaba da shi nan take, wannan sakaci ne. Idan ya juya kuɗin ya cike giɓin albashi, bai amfana da komai ba, to zai yi wuya a tabbatar da rashin gaskiya, amma ya faɗa ƙarƙashin sashe na 22(5). Idan kuwa ya biya kamfanin ƙaninsa, ya sa hannu a takardar kammala aiki alhali ya san ko rami ba a tona ba, to sani da ganganci sun bayyana, kuma cin amana ne. A duka ukun mutanen gari ba su sami ruwa ba, amma hukuncin ya sha bamban.

Yadda ake tabbatar da niyya a kotu

Sashe na 36(5) na Kundin Tsarin Mulki ya ce duk wanda ake tuhuma ba shi da laifi har sai an tabbatar. Sashe na 135 na Dokar Shaida ta 2011 ya ɗora wa mai gabatar da ƙara nauyin tabbatarwa ta yadda ba sauran shakka mai ma'ana. Tun da ba mai iya leƙa zuciyar wani, kuma ba kasafai ake samun iƙirari ba, kotu tana gano niyya daga abubuwan da suka kewaye aikin. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, a kotu kuwa takardu da halayyar mutum ake tambaya.

Alamun da alƙalai suka fi dubawa sun haɗa da ɓoye ciniki, amfani da kamfanin da ba ya wani aiki sai karɓar kuɗi, takardun bogi ko waɗanda aka mayar da kwanan watansu baya, tsallake matakan da jami'in ya san da su, cire kuɗi masu yawa a hannu, da maimaita abu ɗaya sau da yawa. Abin da mutum ya yi bayan faruwar lamarin ma hujja ne: ya kai rahoto ne, ko ya yi shiru sai da asiri ya tonu.

Dokar ICPC ta sauƙaƙa wa mai gabatar da ƙara a wurare uku. Sashe na 53 ya ce idan an tabbatar da karɓa, ana ɗauka cewa ta hanyar rashawa ce har sai wanda ake tuhuma ya nuna akasin haka. Sashe na 23 ya wajabta wa ma'aikacin da aka yi wa tayin rashawa ya kai rahoto ga hukumar ko 'yan sanda. Sashe na 60 kuma ya hana kafa hujja da cewa abin da aka bayar al'ada ce ta sana'a ko ta biki. Ƙa'idojin Ɗa'ar Ma'aikata sun yarda ma'aikaci ya karɓi kyauta daga dangi da abokai na ƙashin kansa a lokutan da al'ada ta sani, amma sun haramta kyautar da ta zo saboda aikin ofis. Don haka kiran abu "na goro" ko "gaisuwa" ba ya sauya hukuncinsa idan mai bayarwa yana da fayil a teburin mai karɓa.

Fitattun shari'o'i

Shari'ar Farouk Lawan ta tsaya kacokan a kan niyya. Lawan, wanda a lokacin yake ɗan Majalisar Wakilai mai wakiltar Ɓagwai da Shanono a Jihar Kano, shi ne shugaban kwamitin da ya binciki tallafin man fetur a 2012. An tuhume shi da karɓar Dala 500,000 daga ɗan kasuwa Femi Otedola don a cire kamfanin Zenon daga jerin kamfanonin da rahoton ya zarga. Lawan ya amsa cewa ya karɓi kuɗin, amma ya ce ya yi haka ne don ya sami hujjar tona asirin mai ba da cin hanci. Tambayar da ta rage wa kotu ita ce da wace niyya ya karɓa. Kotu ta duba abin da ya biyo baya: bai kai rahoto ga jami'an tsaro a kan lokaci ba, kuma an cire sunan kamfanin a zauren majalisa bisa buƙatarsa. Ranar 22 ga Yuni, 2021, Mai shari'a Angela Otaluka ta Babbar Kotun Abuja ta yanke masa shekara 7. A Fabrairun 2022 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke tuhuma biyu da suka shafi neman Dala miliyan 3 saboda ƙarancin hujja, ta bar ta karɓar kuɗin da ɗaurin shekara 5. Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a Janairun 2024, ya kuma fito daga gidan yarin Kuje a Oktoban shekarar.

Shari'ar Bode George ta nuna ɗaya gefen. A Oktoban 2009 Babbar Kotun Legas ta ɗaure George, tsohon shugaban hukumar gudanarwar tashoshin jiragen ruwa ta ƙasa, tare da wasu mutum biyar, ciki har da tsohon manajan daraktan hukumar, Aminu Dabo, bisa rarraba kwangiloli ƙanana-ƙanana don kada su wuce iyakar kuɗin da suke da ikon amincewa da shi. Ranar 13 ga Disamba, 2013, Kotun Ƙoli ta rushe hukuncin. Ta ce masu ƙara sun rubuta niyyar zamba a cikin tuhumar amma ba su tabbatar da ita ba. Ta kuma ce saɓa wa takardar umarnin gwamnati ba laifi ba ne da rubutacciyar doka ta bayyana, kamar yadda sashe na 36(12) na Kundin Tsarin Mulki ya sharɗanta. Dokar sayen kayan gwamnati da ta haramta rarraba kwangila ta fito ne a 2007, bayan abubuwan da ake tuhuma sun faru. A lokacin da aka wanke su, sun riga sun gama zaman gidan yari.

A 2018 Mai shari'a Adebukola Banjoko ta sami tsofaffin gwamnoni biyu, Jolly Nyame na Taraba da Joshua Dariye na Filato, da laifin cin amana a ƙarƙashin sashe na 315, ta yanke wa kowanne shekara 14. A shari'ar Dariye, cakin kuɗin magance zaizayar ƙasa na sama da Naira biliyan 1 bai shiga asusun jiha ba, an bi da shi ta wani banki, wani kaso ya faɗa asusun wani kamfani mai alaƙa da shi. Wannan hanya da aka bi ita ce ta nuna rashin gaskiya. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rage wa Nyame zuwa shekara 12, Dariye zuwa 10, Kotun Ƙoli ta tabbatar da laifin cin amanar a 2020 da 2021, sannan aka yi musu afuwa a 2022.

A Jihar Katsina, an gurfanar da tsohon gwamna Ibrahim Shehu Shema a 2017 bisa zargin da ya shafi kimanin Naira biliyan 11 na ƙananan hukumomi. Ya musanta, kuma a 2023 gwamnatin jihar ta janye ƙarar, don haka kotu ba ta kai ga yanke hukunci a kan aikin ko niyyar ba.

Kariyar da wanda ake tuhuma kan kawo

Kuskuren fahimtar abin da ya faru kariya ce idan an yi shi da kyakkyawar niyya, bisa sashe na 45 na Final Kod. Jahiltar doka kuwa ba kariya ba ce. Cewa "umarni aka ba ni daga sama" ba ya wanke ƙaramin ma'aikaci idan umarnin saɓa doka ne a fili, ko da yake yana iya taimakawa wajen nuna cewa bai san gaskiyar lamarin ba. Mayar da kuɗi bayan an gano ba ya goge laifin da ya riga ya cika. Haka nan babban jami'i ba ya ɗaukar laifin na ƙasa da shi don kawai shi ne shugaba, sai an nuna ya sani, ya umarta ko ya haɗa baki.

A shari'ar Musulunci

Fiƙihun Malikiyya, wanda aka yi aiki da shi a ƙasar Hausa tun kafin zuwan Turawa, ya raba ganganci da kuskure, kuma yana kawar da haddi idan akwai shubuha. Hadisin da aka rawaito daga Sayyidina Umar, mai nuna cewa ayyuka suna rataye ne a kan niyya, shi ne tushen babin. Sai dai a kan ma'aikatan hukuma malamai sun tsananta. Hujjarsu ita ce ƙissar Ibnul Lutbiyya, wanda aka aika karɓar zakka ya dawo ya ware wani kaso ya ce kyauta aka ba shi, Annabi (SAW) ya yi inkarin haka, ya nuna cewa da yana zaune a gidan iyayensa kyautar ba za ta zo masa ba. Ma'aunin a nan shi ne dalilin zuwan kyautar, ba abin da mai karɓa ya raya a ransa ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a Kitabul Farƙi, ya lissafa gaisuwar da ake kai wa masu mulki cikin halayen da ya soki sarakunan Hausa da su. Rashawa da cin dukiyar baitulmali yawanci suna ƙarƙashin ta'aziri, wato hukuncin da aka bar wa alƙali ko hukuma su ƙayyade. Jihohin da suka kafa kundin laifuffuka na shari'a daga shekarar 2000, ciki har da Zamfara, Kano da Katsina, sun shigar da laifuffukan ma'aikatan gwamnati a cikinsu.

A wasu ƙasashe

A Ingila, laifin saɓa amanar muƙami ya samo asali ne daga hukuncin alƙalai, musamman shari'ar Bembridge ta 1783. A 2004 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ƙasar ta bayyana cewa sai jami'i ya yi watsi da aikinsa ko ya saɓa da gangan, yana sane da nauyin da ke kansa ko ya yi ko-oho da shi, kuma saɓawar ta kai girman cin amanar jama'a.

A Indiya, dokar hana rashawa ta 1988 ta ƙunshi wani sashe da ya ba da damar hukunta jami'in da ya samar wa wani amfani ba tare da maslahar jama'a ba, ko da ba a nuna mugun nufi ba. Ma'aikata sun yi ƙorafin cewa hakan yana sa su tsoron yanke shawara, aka soke sashen a gyaran 2018. A Amurka, Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar Snyder ta 2024 cewa wata dokar tarayya da ta shafi jami'an jihohi ta haramta cin hancin da aka ƙulla kafin aiki ne, ba tukuicin da aka bayar bayansa ba.

Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yaƙi da rashawa ta 2003, wadda Najeriya da Nijar suke cikinta, ta sharɗanta ganganci a laifuffukan da ta lissafa, sashenta na 28 kuma ya yarda a gano sani da niyya daga abubuwan da suka faru a zahiri.

Muhawara

Masu goyon bayan tsananta sharaɗin niyya suna cewa shi ne ke kare ma'aikaci mai gaskiya daga ɗauri saboda kuskure, kuma shi ne ke hana sabuwar gwamnati mayar da kowace shawarar tsohuwa laifi. In babu shi, ma'aikata za su ƙi sa hannu a komai, aiki ya tsaya. Masu suka kuma suna cewa manyan jami'ai ba safai suke barin sawu ba: umarni da baki ake bayarwa, ƙaramin akawu ne ke sa hannu, shi ne kuma ake kamawa. Wannan ne ya sa dokokin baya-bayan nan suka ƙara dogaro da hanyoyin da ba sa buƙatar tabbatar da niyya kai tsaye, kamar tilasta bayyana kadarori, da ƙwace dukiyar da mai ita ya kasa bayanin asalinta ta hanyar ƙarar da ake yi a kan dukiyar ba a kan mutumin ba. Kotunan Najeriya suna ci gaba da auna waɗannan hanyoyi da haƙƙin da Kundin Tsarin Mulki ya ba wanda ake tuhuma.

Duba kuma

Final Kod
Cin hanci da rashawa a Najeriya
Hukumar ICPC
Hukumar EFCC
Kotun Ɗa'ar Ma'aikata